Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Ranar Da Muryata Ta Dushe

A makon jiya na tsaya ne a inda aka naɗa ni shugabar ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Shekara uku na yi ina riƙe da ita, kuma ba yabon kai ba, na iya aikin. Ni ke tsara muryoyi, ni ke ɗaga waƙa. In an tashi sujada sai a tare ni a bakin ƙofa: "Kai, yau kin sa mu hawaye!" Bakina ya ce, "Yabo ga Ubangiji," zuciyata kuwa tana ƙirga mutum nawa suka zo, wa ya wuce bai tanka ba.

Ana saura kwana huɗu Ista, bikin tashin Almasihu daga matattu, mura ta kama ni, murya ta dushe ƙurmus. Waƙar tashin Almasihu da na yi wata guda ina shiryawa, Baba Fasto ya ce a ba wata yarinya, wadda ni na koya mata yadda ake riƙe numfashi. Ta rera, majami'a ta yi tsit. Da aka tashi, ita aka kewaye. Ba wanda ya tambayi wa ta tsara waƙar.

Mako uku ban je koyon waƙa ba, ina cewa jiki ne. Ranar nan sai ga Mama, tsohuwar da ta riƙe ni kamar 'yarta tun da aka yi mini baftisma. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "'Yata, maƙogwaro ne ko zuciya?"

Na ce, "Mama, maƙogwaro ne."

Ta miƙo mini Littafi Mai Tsarki, ta ce in buɗe Yahaya sura 3. Wurin nan ne da Yahaya Maibaftisma yake Ainon kusa da Salim, almajiransa suka kawo masa ƙara cewa jama'a duk sun koma wajen Yesu. Na san labarin tun ina yarinya, amma ban taɓa lura da amsarsa ba: Yesu ne ango, shi kuwa abokin ango ne, murnarsa ita ce ya tsaya ya ji muryar ango. Da na kai aya ta 30, inda ya ce dole Yesu ya ƙaru shi kuwa ya ragu, sai karatun ya gagare ni.

Mama ba ta da sassauci in ta kama magana. Ta tuna mini da Sarki Hirudus a Ayyukan Manzanni sura 12, wanda ya yi jawabi a Kaisariya jama'a suka yi ta ihu wai muryar allah ce ba ta mutum ba, shi kuma ya karɓe yabon, tsutsotsi suka cinye shi. Har yau ina ganin ta ɗan matsa mini da wannan misalin, ni da ba sarauniya ba. Amma ya shiga.

Ta ce, "Waƙar nan, an yabi Almasihu da ita ko ba a yaba ba?"

"An yaba, Mama."

"To me aka ƙwace miki?"

Ranar Laraba na koma koyon waƙa, na zauna a layin baya. Yarinyar nan ta taso da takardarta, ta durƙusa, ta ce, "Yaya, akwai wurin da nake shaƙewa, ki gyara mini." Na san gyaran sarai. Na kuma san in na nuna mata, za ta fi ni.

Mu haɗu mako mai zuwa.