Wasiƙa Daga Nagoya: Riɗi Ne Ya Kai Ni Ga Japananci

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kowa lafiya, ya iyali, ya kasuwa, ya kuma aka ji da hidimar kaka. Mu nan sai godiyar Allah, sanyi ne dai ya fara leƙowa.

Tun da na zo ƙasar Japan tambaya ɗaya ake maimaita mini a waya: "Kai da aka ce da Turanci ake koyar da ku, me ya kai ka wahalar da kanka da wannan rubutu nasu mai zane-zane?" Wani abokina cewa ya yi da Faransanci na kama, ko ba komai ya yi mini rana a Maraɗi da Kwatano. Wani ya ce Sinanci ya fi, tun da can 'yan kasuwarmu suke tururuwa. Ban ce ba su da hujja ba. Masu jin Japananci sun haura miliyan 120, amma kusan dukansu a cikin waɗannan tsibirai suke, in ka fita Japan babu wata ƙasa da ake mulki ko ciniki da shi. Shi ya sa na ga gara in zauna in ba da amsa sau ɗaya a rubuce, kowa ya huta.

Riɗi ne ya jawo ni. Mahaifina, Allah Ya ƙara masa lafiya, sana'arsa ke nan: ya saya a hannun manoma a ƙauyukan Gumel da Maigatari, a sheƙe, a ɗura a buhu, a kai Dawanau. Daga Dawanau kuma sai labari. Mun san dai tirela tana ɗauka zuwa Legas, jirgin ruwa ya wuce da shi. Tun ina yaro nake jin maganganu iri biyu a bakin 'yan kasuwa. In aka ce "masu kai wa Japan sun shigo", farashi ya ɗaga, kowa fuska a sake. In aka ce "an ce an ƙi karɓar kaya a can", farashi ya zube, mutum ya kwana yana lissafin asara. Wa ya ƙi karɓa? Me aka gani a ciki? Ba mai gaya maka. Kullum "an ce". Tsakanin manomin da ya kakkaɓe riɗinsa da wanda ya matse shi ya zuba a kwalba akwai hannuwa da yawa, kowane hannu yana cire la'adarsa, kuma bayanin ma sai ya rage kafin ya iso ƙasa.

Da na samu tallafin karatu na gwamnatin Japan, wanda ake kira MEXT, ake kuma nemansa ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja, na zo karanta kimiyyar abinci. Abin da na tarar ya fi abin da nake zato. Mutanen nan suna cin riɗi kamar me: a barbaɗa a shinkafa, a daka a kwaɗa ganye da shi, a matse mansa a yi suya. Amma kusan ba sa noma shi. Ɗan abin da suke nomawa, yawancinsa a wani ƙaramin tsibiri ne mai suna Kikai can kudu, bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da suke ci ba. Sauran duk daga waje yake zuwa, kuma Nijeriya tana cikin manyan masu kawowa, tare da ƙasashe irin su Tanzaniya da Burkina Faso. Na Afirka galibi mai ake matsewa da shi.

A nan na gane daga inda "an ce" take fitowa. Tun watan Mayun 2006 Japan ta kafa wata ƙa'ida kan ragowar maganin ƙwari a cikin abinci. Duk maganin da ba a yanka masa iyaka ta musamman ba, abin da aka yarda a samu bai wuce kashi 0.01 cikin miliyan ba. Ku dubi ƙanƙantar wannan. Ke nan mutum ɗaya da ya yi wa sitonsa feshi don tsoron ƙwari, ko ya ɗura riɗi a buhun da aka taɓa zuba wake mai magani, yana iya jawo wa kwantena guda matsala. Haka ma riɗin da aka ajiye da laima har ya yi fumfuna, don akwai wata guba da ke tasowa daga nan, ita ma suna auna ta. Ma'aikatar lafiyarsu tana wallafa jerin kayan da aka kama, da ƙasar da suka fito, da abin da aka samu a ciki. Ba ɓoye wa kowa aka yi ba. Ana fassara wasu takardun zuwa Turanci, amma sharhin da ke kewaye da su, da jaridun masu sana'ar mai, da abin da masu saye ke faɗa a tsakaninsu, duk da Japananci suke. Na ce wa kaina ai kuwa gidanmu ya kamata a samu mutum ɗaya da zai iya karanta wannan da idonsa.

Wannan shi ne dalilin da na zo da shi. Akwai kuma wanda ya tarar da ni a nan, shi ne ciki da addini. Musulmi a kantin Japan, in bai iya karatu ba, sai ya zama abin tausayi. Naman alade ba a tire kawai yake ba: kitsensa yana cikin wasu nau'o'in burodi da biskit, romonsa yana cikin taliyar leda, akwai kuma wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake kira mirin, wadda suke zuba wa miya kamar yadda muke jefa daddawa. Haruffan farko da suka zauna mini a kai tun kafin in iya gaisuwa sosai su ne 豚, alade, da 酒, giya. Wayar hannu tana fassara rubutun jikin kwali, na sani, ni ma ina amfani da ita. Sai dai waya ba za ta tsaya gaban mai dafa abinci ta tambaye shi da wane mai ya yi suya ba, ba kuma za ta nema maka izinin fita sallar Juma'a a wurin malaminka ta hanyar da zai ji an girmama shi ba. Masallacin Nagoya, wanda aka buɗe a 1998, cike yake da 'yan Indonesiya da Pakistan da Bangaladash da Larabawa, kuma sau da yawa harshen da ke haɗa mu bayan sallama Japananci ne. Ranar da aka yi rasuwa ake gane darajar wanda ya iya harshen, don a ƙasar nan kusan kowa ƙone gawarsa ake yi, maƙabartun Musulmi kaɗan ne, dole wani ya tashi ya shiga ofisoshin ƙaramar hukuma ya yi bayani, ya cike takardu, kafin a samu a rufe ɗan uwa yadda addini ya ce.

Ga kuma girgizar ƙasa. Wayarka tana iya kurma ihu da tsakar dare, lasifikar unguwa tana faɗin inda za a fake. Bayan girgizar Kobe ta 17 ga Janairun 1995, wadda ta kashe mutum sama da 6,000, aka lura baƙi da yawa sun sha wuya saboda ba su gane sanarwa ba, daga nan aka fito da wani sauƙaƙan Japananci na sanarwar gaggawa. Sauƙaƙan ne, amma Japanancin ne dai.

To, ya koyon yake? Ta wajen furuci, Bahaushe ya zo da jarinsa. Wasulansu biyar ne, a, i, u, e, o, irin namu. Suna bambanta dogon wasali da gajere: obasan gwaggo ce ko inna, obaasan kaka ce. Suna da baƙi mai shadda: kite daban, kitte daban. Har karin sauti suna da shi, hashi na iya zama gada ko tsinken cin abinci, ya danganta da inda murya ta hau. 'Yan ajinmu da suka taso da Turanci kaɗai sun sha fama da waɗannan, mu kuwa da muka san bambancin gari na zama da gari na tuwo tun muna goye, kunnenmu ya riga ya buɗe. Ginin jimla ne ya juya mana baya, don su aikatau a ƙarshe yake zuwa, sai mutum ya kai wutsiyar magana za ka san zai yi ne ko ba zai yi ba.

Rubutu shi ne dutsen. Iri uku suke haɗawa a layi ɗaya. Hiragana haruffa 46, katakana ma 46, waɗannan mai himma zai gama da su ba da jimawa ba. Sai kanji, waɗanda suka aro daga ƙasar Sin. Jerin da gwamnati ta tsayar don amfanin yau da kullum, bisa gyaran 2010, haruffa 2,136 ne, yaron firamare kuma yana koyon 1,026 cikin shekara shida. Harafi ɗaya yana iya samun karatu biyu, uku ko fiye, sai kalmar da ya faɗa ciki ta gaya maka wanne za ka ɗauka. Babu wata dabara a nan. Wanda ya yi makarantar allo ya san hanyar: ka rubuta, ka biya, ka wanke, gobe ka sake. Ni dai duk manhajar wayar da na gwada ba ta kai mini alƙalami da takarda ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne harshen girmamawa, keigo. A wurinsu ba laƙabi kawai ake ƙarawa ba, aikatau ɗin ne kansa ke sauyawa. "Tafiya" iku ce tsakanin abokai, in babba ne zai tafi ka ce irassharu, in kai ne za ka je wurinsa ka ƙasƙantar da kanka ka ce mairu. Turawan ajinmu suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni ban ga baƙon abu ba, tun da mun taso muna cire takalmi, muna durƙusawa, muna "ranka ya daɗe". Suna kuma da irin alkunyarmu, har sun fi mu. Ɗan kasuwar Japan da wuya ya ce maka a'a. Zai ja numfashi ta haƙora ya ce abin da ɗan wuya, ko ya ce za su duba. In tafinta ya kawo maka wannan kai tsaye, sai ka koma masauki kana murna, alhali an riga an rufe ƙofa. Tafinta ma dillali ne, ko da mai amana ne sai wani abu ya zube a hanya. Wannan shi ne ya sa ban tsaya a Japanancin sayen burodi ba.

Kun tuna abin da ya faru a watan Agustan 2025? A taron TICAD na Yokohama, wanda Japan ke shiryawa kan ci gaban Afirka, hukumar JICA mai kula da tallafin Japan ga ƙasashen waje ta haɗa biranen Japan huɗu da ƙasashen Afirka huɗu don musayar al'adu, Nijeriya aka haɗa ta da Kisarazu da ke jihar Chiba. Kafin a ce me, labari ya cika gida cewa Japan ta ba mu gari, har da biza ta musamman. Wayata ba ta huta ba a makon nan, kowa so yake in nema masa hanya. Gwamnatin Japan ta fito ta ce babu zancen biza, a nan kuma wasu 'yan ƙasar suka tayar da ƙura suna cewa za a cika musu gari da baƙi, har a watan Satumba aka soke shirin ɗungurungum. Sanarwar da birnin ya fitar a fili take, ba ta da wani lauje cikin naɗi. Amma mu nawa ne za mu iya buɗe ta mu karanta?

Wani abu kuma da ban zo da niyyarsa ba, sai ga shi yana ƙara mini ƙaimi. Garin nan na Nagoya ne ya haifi Maskawa Toshihide, wanda ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziya a 2008. Mutumin bai iya Turancin kirki ba, bai kuma ɓoye ba, da Japananci ya gabatar da laccarsa a Stockholm. Likitanci da injiniyanci da shari'a duk da harshensu suke karantawa, aikin da suka ɗauka gadan-gadan tun zamanin Sarki Meiji da ya fara a 1868, suna fassarawa suna ƙirƙirar kalmomi. Su kansu suna kukan raunin Turancinsu, kada ku ɗauka ba su biya komai ba. Duk da haka, duk ranar da na buɗe littafin kimiyyar abinci na ga an bayyana yadda mai ke lalacewa da harshen da kakar marubucin take ji, sai in tuna da manomin Gagarawa da kwalbar maganin feshi a hannunsa, umarnin jikinta da harshen da ba ya ji.

Ga matasa masu turo mini saƙo don finafinan zane sun burge su, ko don suna son fita ko ta halin ƙaƙa: son abu dalili ne mai kyau na farawa, amma ku san inda kuka dosa. Jarrabawar gwada iya Japananci, JLPT, hawa biyar ce, daga N5 na ƙasa zuwa N1 na sama. Bizar ma'aikata masu sana'a da aka buɗe a Afrilun 2019 tana neman matakin N4 ko makamancinsa, kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikatan ofis kuwa yawanci N2 suke tambaya. Ɗalibi awa 28 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kada wani ya ruɗe ku da lissafin miliyoyi. Kuma iya harshe ba ya mayar da kai ɗan gari. Na taɓa neman ɗaki, magana ta yi daɗi a waya, da dillalin ya gaya wa mai gida baƙo ne sai aka ce an riga an kama.

Ranar Lahadin farko ta Disamba zan zauna jarrabawar N2, ina barar addu'arku. Sannan ina da roƙo ga masu sito a Dawanau da Maigatari da Malam Madori, da duk manomin riɗin da wannan wasiƙa ta isa gare shi: ku ɗauki hoton kwalaben maganin da kuke fesawa a gona da wanda kuke sawa a ma'ajiya, gaba da baya yadda sunan sinadarin zai fito, ku turo ta hannun 'yan uwa. Zan duba su ɗaya bayan ɗaya a jerin iyakokin da Japan ta yanka wa riɗi, in rubuto muku abin da na samu da Hausa kafin a fara ɗaure kayan baɗi.

A gaida mutanen gida, manya da yara.

Naku,
Wani ɗan Jigawa mai karatu a Nagoya