Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Lagireto Ya Tafasa

Makon jiya na tsaya a inda na karɓi makullin motata ta farko, tsohuwar hannu ce amma a idona sabuwa fil. Wata uku ina yawo da ita lafiya lau, don da sanyi na saye ta. Bazara na kamawa ta fara nuna mini halinta.

Ranar na ɗauko Kawu ne daga ganin likita, wajen ƙarfe biyu na rana, cunkoso ya riƙe mu, esi a kunne. Kawu ya haura shekara talatin yana tuƙin babbar mota kafin ciwon baya ya sauke shi, shi ya sa ko a kujerar fasinja yake, idonsa na kan dashbod.

"Kai, dubi allurarka."

Na duba allurar da ke nuna zafin inji, ta wuce rabi tana neman jan layi.

"Kashe esi. Kunna hita ka ƙure ta, ka sauke gilasai."

"Hita kuma, Kawu? A wannan ranar?"

"Ka dai yi abin da na ce."

Na yi, zufa na keto mana, sai ga allura ta ɗan sauko. Ashe hita daga ruwan da ke sanyaya inji take ɗebo zafinta, kamar wani ƙaramin lagireto ne a cikin mota. Da haka muka lallaɓa har gindin wata bishiya. Na ɗaga bonet, na naɗe hannu da tsumma zan murɗe murfin lagireto, sai ji na yi sanda ta sauka a bayan hannuna.

"So kake ka saɓule fatar fuskarka?"

Fiye da rabin awa muka zauna kafin ya bari na taɓa murfin. Ruwan da muka gani ja ne, duk tsatsa. Ya tambaye ni me nake zuba mata, na ce ruwan famfo. Ya girgiza kai kawai. A nan ya yi mini karatun da har yau nake tunawa: inji a wajen digiri 90 yake aiki, ruwa zalla kuwa a 100 yake tafasa, tazarar kaɗan ce. Idan aka haɗa kulant, wato ruwan maganin da ake zuba wa lagireto, da ruwa rabi da rabi, murfi mai kyau kuma ya riƙe matsi, sai ya wuce digiri 120 bai tafasa ba. Wannan matsin ne ma ke sa in ka buɗe da zafi ruwan ya yi tsalle ya watso maka. Ruwan famfo kuma yana barin tsatsa da farin dattin da ke toshe siraran bututun lagireto.

A gareji aka gano fanka ma ba ta tashi. Bakaniken ya gyara, sannan ya ce bari ya cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, gaba ɗaya a huta. Kawu ya ce atafau ba a motar ɗansa ba; in ta lalace a sa sabuwa, wanda ya ƙera injin bai sa ta don ado ba. Aka wanke lagireto, aka canza murfi da tiyo ɗaya da ya kumbura.

Sai Kawu ya zagaya tayoyi yana dannawa da ƙafa. Nan ma na sha kunya, don ni da kaina na sa aka rage musu iska, wai kada zafi ya fasa su. Ya ce tayar da ba ta da iska ita ke lanƙwasawa tana ɗaukar zafi har ta fashe. Da safe ake aunawa kafin a hau titi, adadin kuma yana rubuce a jikin ƙofar direba. Ya nuna mini lamba huɗu a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Na baya shekararsu takwas.

Daga ranar na koma farautar inuwa, in ban samu ba in shimfiɗa kwali a gilashin gaba, don sitiyari kan yi zafin da ba ya riƙuwa. Abu ɗaya na yi wa kunnen ƙashi: ya ce in duba ruwan batir, zafi na ƙafar da shi. Na ce to, na manta.

Bayan mako biyu, da safen da zan je intabiyun aiki, na murɗa makulli na ji ƙas-ƙas-ƙas. Yadda na isa wurin, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.