Daga bagadi zuwa kujerar konfarens, abinda na gani a aikin Baptis

Matasan fastoci suna yawan tambayata wai yaya akayi na tashi daga ƙaramar ikilisiya har na riƙe kujera a konfarens, wato babbar haɗakar ikilisiyoyin Baptis na yanki mai faɗi, to bari in ɗan faɗa muku yadda abin yake, don wasu na ɗauka girma ne da mota da direba.

Bayan na gama seminari ba wanda ya turani ko'ina, ikilisiya ce ta kirani da kanta, kwamitin neman fasto suka saurari wa'azina suka yi min tambayoyi, sannan aka kai sunana taron membobi aka ɗaga hannu. Haka tsarinmu yake tun asali, tun 1609 da John Smyth da Thomas Helwys suka kafa ikilisiyar Baptis ta farko a Amsterdam, ba mu da bishop dake ɗora fasto ko ya sauke shi, kowace ikilisiya tana cin gashin kanta. Daga baya aka naɗa ni Rabaran, aka zaɓe ni modareto na asosiyeshan, wato shugaban ƙungiyar ikilisiyoyin dake kusa da juna, sannan konfarens.

A kujerar modareto ne idona ya buɗe. Sunan shugaba ne kake dashi amma ba ka da sanda, ba ka isa ka ce wa wata ikilisiya dole kuyi kaza ba. Akwai wata da rigima ta ɓarke tsakanin fasto da dikinoni akan kuɗin gini, har suka daina aiko da kasonsu na haɗin gwiwa, wasu suka ce min Rabaran ka rubuta musu takardar gargaɗi kawai, nace takarda ba zata yi komai ba sai ƙara wuta. Na je na zauna dasu bayan sujada, na bar kowa ya amayar da abinda ke cikinsa, wani dattijon dikin yana ta juya littafin rasit a hannunsa bai ce uffan ba har kusan ƙarshe, sai da na ce Baba kai fa, sannan ya buɗe ya nuna shafin da aka ciri kuɗi ba sa hannun ma'aji. Ashe ba sata bace, siminti aka saya cikin gaggawa ba'a faɗawa kowa ba, amma ai shirun nan ne ya haifi zargi. Muka tsaida cewa duk wata za'a karanta rahoton kuɗi a gaban membobi, sisin kwabo baya fita sai da sa hannun mutum biyu.

Wannan kason da ikilisiyoyi ke aikowa shine ke riƙe seminari da masu bishara a filin mishan da ofishin konbenshan, wato uwar ƙungiyarmu ta ƙasa baki ɗaya, kuma ba wanda zai tilasta musu, sai sun yarda da kai. Haka William Carey da abokansa suka fara ƙungiyar mishan ta Baptis a garin Kettering na Ingila a 1792, fastoci ƙalilan suka haɗa ɗan abinda suke dashi, shekara na zagayowa ya kama hanyar Indiya.

Abu mafi nauyi a gareni kam shine fastocin ƙananan ikilisiyoyi, wani sai yayi watanni ba albashi kuma kunya bazata barshi ya faɗa a taro ba, sai kai ka neme shi a keɓe. Shi kuma iyalinka suna gida suna jiranka kullum kana hanya, wannan ma sai ka tsara da gangan in ba haka ba 'ya'yanka su tashi basu sanka ba.

Da wa'adina ya cika na miƙa takardu da makullai na koma kiwon ikilisiya ɗaya, wasu sun so a gyara tsarin mulki a ƙara min lokaci naƙi, don Bitrus ya gargaɗi dattawa kada su nuna iko akan garken da aka basu amana. Wanda ya gajeni yakan kirani in abu ya cije masa, in bai kira ba bana sa baki.