Abin da na koya wajen duba fatar yara bayan korona

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara. Idan aka kawo yaro da zazzaɓi, abin da nake fara yi shi ne in tuɓe masa riga in duba jikinsa. Na daɗe ina wannan aiki, amma zuwan korona ne ya sauya mini yadda nake kallon fata.

A ƙarshen watan Afrilun 2020 likitoci a Ingila suka yi shelar cewa suna ganin yara da zazzaɓi mai zafi da ciwon ciki da ƙuraje, wasu har zuciyarsu tana raunana. A tsakiyar watan Mayu Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alamomin gane wannan ciwo, wanda aka fi sani da MIS-C. A lokacin da yake bayyana, koronar ta riga ta zo ta wuce, galibi ba tare da kowa ya lura ba, don yara da yawa ko tari ba sa yi. Sai bayan mako 2 zuwa 6 garkuwar jiki ta tashi ta wuce gona da iri, ta haddasa kumburi a jijiyoyin jini da hanji da zuciya da fata. Yana kama da ciwon Kawasaki, wanda wani likitan Japan ya bayyana a 1967, sai dai shi Kawasaki ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 5, wannan kuwa ya fi samun 'yan firamare.

Abin da ya dame ni shi ne hotunan da muke gani a lokacin kusan duk na yara farare ne, ƙuraje jawur ana hango su daga nesa. A jikin yaranmu ba haka suke fitowa ba. Wani lokaci wurin duhu kawai yake ƙarawa, wani lokaci ba ka ganin komai sai ka shafa ka ji kaushi ko tudu-tudu. Hasken ƙwan lantarki ma yana ɓoye su. Shi ya sa na koma kai yaro bakin taga, in duba shi da hasken rana, in bi ƙirji da baya da matsematsi da tafin hannuna.

Wata yarinya 'yar shekara 9 ce ta tabbatar mini da amfanin haka. Uwarta ta riga ta ba ta maganin maleriya daga kemis, daga baya aka ce taifot ne, zazzaɓi dai bai sauka ba, ga amai da ciwon ciki. Hannuwanta sun sha lalle saboda biki, don haka tafin bai nuna mini komai ba.

"Sista, ba ƙyanda ba ce kuwa?" in ji uwar.

"Hajiya, an yi mata rigakafi?"

An yi mata. Ba tari, ba majina, kuma ƙurajen ba su faro daga bayan kunne da fuska suka gangaro ba kamar yadda ƙyanda take yi. Na goge mata kwalli, na ga idanun biyu sun kaɗa sun yi ja, amma babu kwantsa ko ɗigo. Leɓɓanta sun bushe sun tsage, harshen ya yi ja da ƙananan tsiro-tsiro a kansa. Akwai kaluluwa a wuya. Da na tambayi takalminta, uwar ta ce tun jiya ya ƙi shiga, ashe ƙafafun sun kumbura. Sai na tambaya ko wani ya yi rashin lafiya a gidan a watan da ya wuce. Ta yi shiru, can ta ce maigidan ya yi mura har ya daina jin ƙanshin abinci.

Nan take na kira likita. Gwajin jini ya nuna kumburi sosai, bugun zuciyarta ya yi sauri, awon BP ɗinta yana sauka, aka kuma yi mata hoton zuciya. Maganin da ake bayarwa shi ne sitiroyid, mai rage kumburi, da ruwan garkuwar jiki na IVIG ta jijiya, sau da yawa tare da asfirin kaɗan bisa umarnin likita. IVIG yana da tsada ƙwarai, kuma samunsa da wuya a wajenmu, wannan kuwa yana ci mini rai har yau. Ita sitiroyid aka ba ta, Allah ya taimaka zazzaɓin ya sauka, ta fara neman abinci.

Ƙurajen kansu ba su ne abin tsoro ba, kuma ba su da siffa ɗaya: wasu kamar borin jini, wasu faci-faci, wasu su fito da safe su ɓace kafin dare. Akwai yaran da ba sa fitar musu ma sam. Amfaninsu shi ne suna nuna cewa akwai wuta a ciki, musamman a zuciya. Don haka nake roƙon iyaye su ɗauki hoto da waya idan sun ga wani abu a jikin yaro, kuma kada su shafe shi da hoda ko farar ƙasa kafin a zo asibiti. Gwajin maleriya ma yana iya nuna akwai ta, alhali ba ita kaɗai ke damun yaron ba. Idan zazzaɓi ya kai kwana 3, ga jan ido ko tsagewar leɓe ko kumburin hannu da ƙafa, ga amai ko gudawa ko ciwon ciki, ba maganar komawa kemis ba ce. Ɗigon ƙurji a fata da aka danna da gefen kofin gilashi bai dusashe ba kuwa, yana iya zama na sanƙarau, a tafi asibiti a wannan sa'ar.

Bayan an sallame su uwar ta dawo a firgice, fatar yatsun yarinyar tana saɓulewa daga bakin farce. Na kwantar mata da hankali, don hakan yakan faru a lokacin warkewa, man shafawa ya wadatar. Abin da na nace mata a kai shi ne ranar komawa hoton zuciya, da hana yarinyar guje-guje masu tsanani sai likita ya ba da izini. Ciwon ya ragu sosai a 'yan shekarun nan, amma har yanzu duk yaron da zazzaɓinsa ya ƙi sauka sai na buɗe bakinsa, na duba idonsa da tafin ƙafarsa, na kuma tambayi abin da ya faru a gidansu a watan jiya.