Ashe gurjiya 'yar uwar wake ce

Tun ina yarinya ina taya Inna ɓarar gurjiya, na ɗauka ƙanwar gyaɗa ce, tunda duk a cikin ƙasa suke zuba 'ya'ya. Ashe danginta wake ne. A 1980 masana tsirrai suka mayar da ita zuriyar Vigna, gidan su wake, kuma kowannensu kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 22 gare shi. Gyaɗa 40 take da su, baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, inda irin daji biyu suka haɗu suka haife ta. Gurjiya kuwa tamu ce, ta dajinta tana fitowa daga Jos zuwa Yola har Garwa ta Kamaru.

Abin da ke damuna, Inna takan adana iri a tulu da toka: baƙa, ja, mai ɗige-ɗige. Bana fara kaɗai na samu a kasuwarmu.