Kwikwiyo da gudawar jini

Jama'a masu ajiye kare don gadi, musamman mu na Rijiyar Zaki da Ɗorayi, ku ji wannan.

Kwikwiyon da na karɓo kwanakin baya ya daina cin abinci. Ko romon nama aka ajiye masa, sai ya sunsuna ya koma ƙarƙashin mota ya kwanta. Washegari amai, sai gudawa mai jini, warinta har soro. Maƙwabcina ya ce in jiƙa masa farasitamol. Allah ya taimake ni na wuce asibitin dabbobi, likita ya ce cutar parvo ce, kuma wannan maganin namu na mutane yana iya lalata hantar kare. Ƙarin ruwa aka yi ta yi masa, da ƙyar ya tashi. Rigakafinta tun yana sati 6 zuwa 8 ake farawa, a maimaita. Wanda ya sayar min ko ɗaya bai yi masa ba, abin da ya fi ɓata min rai ke nan.

Yanzu kaska nake fama da ita, cikin kunnuwa da tsakanin yatsu. Tauna takalma kuwa haƙori ne ke fitowa, duka ba ya hana shi.

Wadda ba a wasa da ita allurar haukan kare ce: yana wata 3 a yi masa, sannan duk shekara. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti ranar, kada a tsaya jiran ganin ko karen zai haukace.