Abin da aikin rigakafi ya koya mini kan Bokolo da jar akuya

Duk sanda cuta ta faɗa ma dabbobi nan Sakkwato kowa tambayarshi ɗaya, kai nawa sunka mutu. Amma yawon allurar rigakafi da nike yi ƙauyuka ya nuna mini akwai asarar da babu mai ƙirga ta, ita ce ta iri. Shanun Bokolo, wato Sokoto Gudali, da tumakin Uda, da jar akuyarmu da fatarta ta ratsa hamada tun zamanin fatake har Turawa ke kiranta fatar Maroko, idan ka duba kasuwa za ka ce ai suna nan birjik, amma tsantsan wanda bai gauraya ba hannun gidaje kaɗan yake, kuma su ne nike jin tsoro ma.

Ga yadda abin ke faruwa. PPR, wato annobar awaki da tumaki, ta shigo gari, awaki na zawo da majina baki duk gyambo, sai tsoro ya kama mutane kowa ya ja masu sauran lafiya zuwa kasuwar Achida ko Illela kafin su kamu, kuma bunsurun da ya fi kyau shi ka fara tafiya don shi ke da kuɗi. Wasunsu ma cutar na jikinsu ba ta dai bayyana ba, an kai ma wani gari ke nan. In ƙura ta lafa sai a sayo duk abin da aljihu ya iya a zuba a garke, haihuwa biyu uku sai ka ga 'ya'ya roɗi-roɗi, jan nan ya tafi. Wallahi wannan ya fi mini ciwo bisa ga mutuwar kanta, kuma ba na ganin laifin talaka, mai akuya huɗu ba ka ce mashi ya zauna yana kallo.

Dabarar da na ga tana aiki wajen Fulani na koye ta, ba a aji ba. Ba su tara zaɓaɓɓun shanunsu wuri guda, suna rarraba su hannun dangi, in ciwon huhu ko boru ya afka ma wannan ruga waccan ta tsira. Amma tun kafin cuta ta zo ake yi, in ta riga ta shigo motsa dabba haramun ne a wurina. Sabuwar dabba kuma a ware ta sati uku, kwamin shan ruwanta daban, ko da daga gidan surukinka ta fito.

Sai allura. Ta PPR da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom guda ɗaya na kare akuya shekara uku, amma sai an riƙe ta cikin sanyi, kuma da an haɗa ta da ruwa sai a yi sauri, zafin Sakkwato ba ya jira. Tsofaffi har yau na tuna annobar shanu, wato bushiya, ta 1983 da yadda ta share garake, da allura anka kore ta har duniya ta sanar da ƙarewarta a 2011, yanzu kuma PPR ake son gamawa da ita zuwa 2030.

Shi ya sa yanzu in na isa gari nakan fara tambayar hakimi ko ardo wa ke da bijimin Bokolo na asali, wa ke da jan bunsuru tsantsa, in rubuta gidajen, kuma da su nike fara allura tun ƙanƙara ba ta narke ba.